Yara na karantawa amma ba sa gane sabuwar kalma: yadda ake koya musu ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Bari in maimaita tambayarki a taƙaice saboda masu karantawa. Kin ce 'yan aji huɗu na firamare kike koyarwa, yaran sun iya haɗa baƙi da wasali suna karatu da ƙarfi ba laifi, amma da sun ci karo da doguwar kalmar da ba su saba da ita ba sai su tsaya cak, ko su karanta su wuce ba su san me suka faɗa ba, ga shi babu ƙamus a ajin, kin rubuta musu jerin ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya na Turanci a allo, wato ƙananan gutsattsarin da ake ɗafa wa kalma a farkonta ko a ƙarshenta, sun kwafa sun haddace har rera shi suke yi, amma ranar gwaji kamar ba a taɓa yi ba. Kina son sanin ta ina za ki ɓullo wa abin.

Shawarata ita ce ki ajiye jerin nan na Turanci tukuna, ko da na sati biyu ko uku ne, ki koma kan Hausar da ke bakinsu. Na san za ki ce ai Turancin ne matsalar, shi ake jarabawa da shi, gaskiya ne kuma za mu zo kansa, amma abin da yaran suka rasa wata ɗabi'a ce ta duban kalma, wato su kalli doguwar kalma su ga cewa gutsattsari ne aka harhaɗa, kuma kowane gutsure da aikinsa. Wannan ɗabi'ar ta fi saurin kama yaro a harshen da yake mafarki da shi. Jerin da suka haddace kuwa sauti ne kawai a kunnensu, yaro zai iya rera miki shi daga farko har ƙarshe ya buɗe littafi ya ga kalmar da ke ɗauke da ɗafin bai gane shi ba, don bai taɓa cire shi da hannunsa ya mayar ba.

Kuma yaran nan sun riga sun san dokokin, ba su dai san sun sani ba. Ki gwada gobe ki gani. Ki ƙirƙiro aikatau da babu shi a Hausa, misali ki ce musu akwai wani mutum kullum aikinsa ke nan yana laɓuta kaya, ya laɓuta da safe ya laɓuta da yamma, to me za mu kira shi? Wasu za su ce mai laɓutawa, daidai ne ki karɓa, amma ki ɗan jira za ki ji wani daga baya ya ce malaɓuci. In mace ce fa? Malaɓuciya. In suna da yawa? Malaɓuta. Ba wanda ya taɓa jin kalmar nan a gidansu tunda yanzu kika ƙirƙiro ta, amma sun sa mata ma- a gaba, sun canza ƙarshenta, har sun mai da t ta koma c ba wanda ya gaya musu. Irin wannan gwajin ba sabo ba ne, a 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa ƙananan yara zanen wata halitta ta ce sunanta wug, sannan ta nuna musu guda biyu ta ce su ƙarasa, yaran suka ce wugs, wato sun yi jam'in kalmar da ba su taɓa ji ba. Namu yaran ma haka suke, shi ya sa yaron da ya ji kwamfuta yau gobe zai ce kwamfutoci kamar yadda yake cewa motoci. Aikinki shi ne ki fito da wannan sanin daga baki ki dawo da shi kan takarda inda ido zai gan shi.

Ni da ma- nake farawa kullum, don babu ɗafin da ya kai shi albarka a Hausa. Ki samo kwalin taliya ko na sabulu ki yayyanka, a wasu ki rubuta ma da jan maka, a wasu ki rubuta aikatau da baƙi: noma, ɗinka, gina, ƙera, tuƙa, saƙa, buɗe, duba, auna, kulle. Ki kira yaro ɗaya ya riƙe ma, wata ta riƙe noma, su tsaya kusa da juna a gaban aji. Ki tambaya, wanda yake noma sunansa wa? Ajin zai amsa manomi. Sai ki ce to ku dubi abin da suke riƙe da shi, me aka rubuta? Za su karanta ma-noma. A nan ne za ki ga an fara gardama, wani ya ce ba daidai ba ne sai an sa i, wata ta ce ai manoma ma kalma ce, masu noma da yawa ke nan. Kar ki yi saurin raba gardamar, ita ce darasin. Ki ba wani yaro na uku kwali mai i ya zo ya rufe a ɗin ƙarshe, ga manomi, ya janye, ga manoma, ki kawo mai iya, ga manomiya. A minti goma sun gani da idonsu cewa kalma na da goshi tana da ƙeya, tsakiyar kuma tana nan ba ta motsa ba, ita ce masana ke kira saiwa. Sunayen ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya sai bayan sun yi wasan za ki faɗa musu, kuma ba za su yi musu wuya ba tunda kowa ya san goshinsa ya san ƙeyarsa.

Washegari ki kawo buɗe da duba da auna da kulle. Mabuɗi, madubi, ma'auni, makulli. Ki tambaye su, mabuɗi mutum ne? Za su yi dariya su ce a'a. To ashe ma- ba mutum kaɗai take nunawa ba, tana nuna abin da ake aiki da shi. Rana ta uku ki kawo na wuri: makaranta, madafa, mafaka, mahaɗa, masauki, masallaci. Da haka sun samu tambayoyi uku da za su riƙa yi wa duk kalmar da ta fara da ma-, mai yin abin ne, ko abin yi ne, ko wurin yi ne. Abu ɗaya dai, kar ki ba su doka mai tsauri cewa wai duk na wuri da a yake ƙarewa, don masauki da masallaci da mazauni za su ƙaryata ki, kuma yaro in ya kama doka ta yi ƙarya sau ɗaya to ya daina yarda da ita.

Inda nake so ki daɗe shi ne wurin da saiwa ke ɓuya, don a nan yawancin yara ke ɓacewa kuma malamai ba su cika lura ba. Ki rubuta marubuci, ki ce su cire ma su cire i. Abin da ya rage shi ne rubuc, yaro zai ce Malama ai babu wannan a Hausa, kuma ya yi gaskiya. Abin da ya faru shi ne a Hausa in t ta zo gaban i ko e tana komawa c, s ta koma sh, z da d su koma j, w kuma ta koma y, masana na kiran wannan ganɗantawa, ke kaɗai nake gaya wa sunan, yara ba sa buƙatarsa. Shi ya sa rubuta ta ba da marubuci, tsorata ta ba da matsoraci, Hausa ta ba da Bahaushe, gasa ta ba da gasasshe, gada ta ba da magaji. Dabarar da ke fito da saiwar cikin sauƙi ita ce ki ce su faɗi jam'i. Marubuci, marubuta, ga t ta dawo. Magaji, magada, ga d ta dawo. Wadda ta fi burge yara ita ce maciji, ki tambaye su jam'insa su ce macizai, ki rubuta su biyun ɗaya a saman ɗaya, ki ja layi ƙarƙashin ciz, ki yi shiru. Ba za a daɗe ba wani zai yi tsalle ya ce ciza, mai cizo ne! Yaron da ya gano wannan da kansa, wallahi ya shiga wani hali na daban, zai koma gida yana tsinka kalmomi yana damun mutanen gida da tambaya, kuma abin da muke nema ke nan.

Sai kuma wata matsala da rubutun boko ya jawo mana. Ba ma rubuta karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali, saboda haka kalmomi biyu da kunne ke bambantawa sai su zama iri ɗaya a takarda. Maƙera mutane ne masu ƙira, maƙera kuma wurin da ake ƙirar. A baki, in mutanen ake nufi murya na sauka a gaɓar tsakiya, in wurin ne murya na tafiya a sama har ƙarshe, amma a littafi haruffan ɗaya ne. Haka marina, haka majema, haka masaƙa, haka mahauta, har makaranta ma, tana iya zama inda suke zaune yanzu tana iya zama masu karatu. Ki rubuta musu jimla biyu, ta farko Baba ya kai fartanya maƙera, ta biyu maƙera sun tashi daga aiki, ki sa su karanta da ƙarfi. Za ki ji mai fahimta ya canza murya da kansa, wanda kuma haruffa kawai yake bi zai karanta su iri ɗaya, kin ga kin samu hanyar gane wanda ke fahimta ba tare da kin yi gwaji ba. Ki ƙara da marinar Ƙofar Mata da ke Kano da kuma marina sun shanya zane. Darasin da ke ciki babba ne kuma zai bi su har Turanci: ɗafi yana kawo ka kusa da ma'ana, jimla ce ke yanke hukunci. Duk yaron da kika koya wa tsinka kalma ba ki koya masa ya koma ya sake karanta jimlar ba, rabin aiki kika yi.

Daga nan sai tarko. Da zarar yara sun ji daɗin abin za su fara ganin ma- a ko'ina, su ce mage mai ge ce, madara wurin dara ne, mangwaro kuma ban san me za su ce ba. Kar ki hana su, ki ma kawo irin waɗannan da gangan ki cakuɗa da na gaske: mace, madubi, mage, matuƙi, malafa, magini, madara, mataji. Ki koya musu su sa yatsa su rufe ma ɗin su dubi abin da ya rage, su tambayi kansu ko ya yi kama da wani aiki da suka sani, in ya yi su faɗi ma'anar da suke zato, sannan su mayar da ita cikin jimlar su ji ko ta zauna. In ba ta zauna ba to a bar ta, wannan ma ɗin na jikin kalmar ne. Madara misali ce mai kyau don dara kalma ce ta gaske, wasa ce da ake yi, saboda haka rufe yatsa kaɗai ba zai cece su ba, sai sun ga jimlar ta ce an dama fura da madara. Abin kamar gane maƙwabcinka ne ko ya canza hula da takalmi, amma kuma ba duk wanda ya sa irin hularsa ne shi ba.

In sun ƙware a kalmomin gida, ki kai su kan waɗanda suke ji a rediyo ko suke gani a littafin zamantakewa, don a nan ne amfanin abin yake bayyana. Matatar mai ta Kaduna, ki bar su su nemo tace a ciki, su tuna matar da ke tace koko, su gane wuri ne da ake tace mai. Madatsar ruwa ta Tiga, datse. Magudanar ruwa, gudana. Mahukunta, hukunta. Masana, sani. Ma'aikata, masana'anta, matattara, makoma, mafita, majiya. Ba wadda za ki fassara musu a cikin waɗannan, tambaya kawai za ki riƙa yi, wace ƙaramar kalma kuke ji a ciki? Yaro ɗan shekara tara da ya warware madatsa da kansa ya fi wanda aka ba ma'anar kalma ashirin ya kwafa.

Sauran ɗafe-ɗafen ba sai kin daɗe a kansu haka ba, tunda idon ya riga ya buɗe. Ba- da -awa da -anci tare suke tafiya, ki fara da garuruwan yaran da ke ajin: Bakano, Kanawa, Kananci, Bakatsine, Katsinawa, Katsinanci, Basakkwace, Sakkwatawa, Sakkwatanci, Bagobiri, Gobirawa, Badamagare, Damagarawa, Bature, Turawa, Turanci, Balarabe, Larabawa, Larabci. Har sana'a da zama suna shiga, bafada da fadawa, baduku da dukawa, baƙauye da ƙauyawa. In a Kano kike ki tambaye su me ya sa ake ce wa wata unguwa Agadasawa, wata Tudun Nufawa, za su gano da kansu cewa sunan na faɗin mutanen da suka zauna a wurin, kin ga tarihi ya shigo darasin karatu ba ki shirya ba. Tarkonsu kuma barkono da bargo da bango da bashi. Sai masu nuna hali ko matsayi, shugaba da shugabanci, jahili da jahilci, azzalumi da zalunci, aboki da abokantaka, maƙwabci da maƙwabtaka, mugu da mugunta, yaro da yarinta. Sai irin su dafaffe, soyayye, wankakke, rubutacce, karyayye, waɗanda ke nuna an riga an yi wa abu aikin, yara na son su don daɗin faɗa. Wasalin ƙarshen aikatau ma ɗafi ne mai ma'ana duk da ba mu cika kallonsa haka ba: fita da fito da fitar, saya da sayo da sayar da saye, dafa da dafu. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ce wa yaro fita, ki koma waje ki ce masa fito, ki tambayi aji me ya canza, harafi ɗaya ne amma ya juya alkiblar tafiyar gaba ɗaya.

To yanzu Turanci. In kin yi sati biyun nan da kyau za ki tarar ƙofar a buɗe take, don ba sabon tunani za ki kawo musu ba, kaya ne kawai suka canza. Ki fara da -er, ki ce musu Turawa ma suna da ma- ɗinsu amma su a ƙeya suke sa ta: farm da farmer kamar noma da manomi, write da writer kamar rubuta da marubuci, drive da driver, har open da opener kamar buɗe da mabuɗi, wato ita ma tana nuna mutum tana nuna abin aiki. Sai -ful da -less, waɗannan mai da maras ne, useful mai amfani, useless maras amfani, ki haɗa su bibbiyu kullum. Re- kuma sake ne, rewrite a sake rubutawa, rebuild a sake ginawa. Un- tana juya abu, ko ta kore shi kamar happy da unhappy, ko ta warware aikin kamar lock da unlock, tie da untie, ki kawo igiya aji ki ɗaure ki kwance suna faɗa.

Kuma don Allah ki rage jerin. A 1989 wasu masu bincike uku a Amurka, White da Sowell da Yanagihara, sun duba kalmomin Turanci masu ɗafa-goshi da ke cikin littattafan 'yan makaranta, suka tarar guda huɗu kacal, un- da re- da in- mai ma'anar korewa da dis-, su ne ke ɗauke da kusan kashi 58 cikin ɗari na irin waɗannan kalmomin, un- ita kaɗai kashi 26. A ɓangaren ƙeya kuma -s da -ed da -ing sun kwashe kusan kashi 65. Ma'ana in yaranki sun riƙe waɗannan 'yan kaɗan ɗin riƙo na gaske sun fi wanda ya haddace talatin yana rerawa. Ni a aji huɗu ba zan wuce waɗannan da -er da -ful da -less da -ly ba a zango guda, irin su pre- da mis- da -tion da -ment su jira aji biyar da shida, ba gudu ake ba.

Tarkon Turanci ya ma fi na Hausa yawa, kuma dabarar yatsa ɗaya ce. Uncle ba kishiyar cle ba ce, under ma haka, read da ready ba su da alaƙa da sake yin wani abu, water da finger da sister ba masu yin komai ba ne, bigger da taller kuma -er ɗinsu na kwatanci ne. Wadda ta fi rikita yara ita ce in-, don wani lokaci korewa take yi kamar incorrect, wani lokaci ciki take nufi kamar inside da income, sannan tana sauya kama ta zama im- a impossible, il- a illegal, ir- a irregular. In kin zo nan ki tuna musu da marubuci da maciji, ki ce kun tuna yadda t ta koma c saboda maƙwabcinta? To haka n take yi a nan. Haka ma happy da ke zama happiness, da run da ke zama running, da hope da ke zama hoping, duk saiwa ce ta ɗan sauya don an ɗafa mata wani abu. Yaron da ya ga wannan a harshensa ba ya firgita in ya gan shi a na wasu.

Wani abu da nake ganin ana asararsa, yawancin yaran nan suna zuwa Islamiyya da yamma, kuma Larabci cike yake da irin wannan gini. Masjid da madrasa da maktaba duk ma- ce ta wuri, mu'allim da muslim da mu'min kuma mu- ce ta mai aikatawa, ba kuma haɗuwar banza ba ce don Hausa da Larabci dangin harshe ɗaya ne tun asali. In kin ambata musu ko sau ɗaya za ki ga masu zuwa Islamiyya sun miƙe zaune, yaron da ba ya magana a ajin boko sai ki ga ya ɗaga hannu don an taɓo inda yake da ƙarfi. 'Yan'uwanmu malamai na Nijar da ke koyarwa da Faransanci su ma hanyar ɗaya ce, faire da refaire da défaire, chanter da chanteur, a fara daga manomi a gangaro.

Sai dai kar in sa ki ɗauka wannan dabarar maganin komai ce. Akwai kalmomin da ma'anarsu ta yi nisa da saiwarsu, matashi daga tashi yake amma ba wanda ya miƙe tsaye ake nufi ba, mashayi ba duk mai shan ruwa ba ne, a Turanci ma discover za ta iya kai yaro kusa amma department ba za ta kai shi ko'ina ba. Irin waɗannan ki faɗa musu ma'anar kai tsaye ki wuce, ba laifi ba ne. Sannan tsinka kalma ba ya amfani in yaro bai san saiwar ba, wanda bai san comfort ba, sanin un- da -able ba zai fitar da shi daga uncomfortable ba. Shi ya sa ba abin da zai maye gurbin yawan karatu da yawan jin labari, ki riƙa karanta musu da ƙarfi kullum ko shafi ɗaya ne, Hausa da Turanci, daga cikin abin da kika karanta ne za ki tsamo kalma biyu ko uku ku tsinka tare, ya fi ki zo da kalmomi tsirara da ba su da jimla. In makarantar za ta iya sayen ƙamus ko guda ɗaya ne a ajiye a teburinki, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, sai ya zama bayan sun yi zato a buɗe a tabbatar, yara na jin daɗin ganin littafi ya gaskata su.

Na san ajin naki ba ƙarami ba ne, wataƙila sun haura saba'in, kuma lokaci ba ya isa. Ba sai kin ware masa darasi na musamman ba, minti goma a farkon darasin karatu sau uku a sati ya wadatar in an dage. Ki raba su layi-layi, ki ba kowane layi saiwa ɗaya su ga wa zai fi tara mata 'ya'ya, karanta ta haifi karatu da makaranci da makaranta da karantarwa da karantacce, sani ta haifi masani da sanarwa da sananne da sanayya, layin da ya kawo kalma dole ya sa ta a jimla kafin a ba shi maki, in ba haka ba za su riƙa ƙirƙiro shirme don su ci. Ki manna babbar takarda a bango, duk wanda ya tsinto kalma mai ɗafi a gida ko a allon shago ko a rediyo ya zo ya rubuta da sunansa a gefe. Yaran da har yanzu haɗa gaɓa ke ba su wuya kar ki cire su, su yi nasu da baki, sau da yawa ma doguwar kalma na yi musu sauƙin karantawa in sun saba ganin ma da iya da awa a matsayin dunƙule ɗaya maimakon harafi-harafi.

Wajen gwaji kuma ki daina tambayar su mene ne ɗafa-goshi ko su kawo misali biyar, wannan hadda kawai yake aunawa, kuma ita ce ta ba ki kunya a baya. Ki ba su jimla mai kalmar da kika tabbata ba ku taɓa yi a aji ba, misali manoma sun kai dawa masussuka, ko the cup is unbreakable, ki ce su rubuta abin da suke zato kalmar ke nufi da kuma abin da ya sa suka ce haka. Ki sa kalmar tarko guda ɗaya a ciki, kamar magarya ko uncle. Wanda ya rubuta cewa wurin sussuka ne don ya ga ma a gaba kuma an ce an kai dawa can, ki ba shi cikakken maki ko rubutunsa da kuskure, wanda ya yi zato bai dace ba amma dalilinsa na kan hanya ki ba shi rabi, wanda kuma ya ce magarya ba ta tsinkuwa don itaciya ce kawai, shi ma cikakken maki ne.